Bakwai da Biyu a Teburin Baba Salvu

"Ka faɗi kawai, Rowan! Me ke da wuya a faɗuwa?"

A bayan rumfar taraktoci Odette ta ritsa shi, da tiren pastizzi mai zafi, wato gasasshiyar fulawa mai cuku a ciki, a hannunta, rake ya yi musu katanga ta ko'ina.

"Haba abar ƙaunata... wata takwas kina koya mini yadda ake ci, yau kuma in koyi faɗuwa cikin minti biyar?"

"Kowa ya iya! Gwaggo Tessie ma da ba ta gani sosai ta iya!"

"To idan Baba ya gane fa?"

"Shekara tara bai gane ba, sai a kanka?"

Ga yadda abin yake. Duk Lahadi bayan an taso daga coci, mutum goma sha huɗu ke haɗuwa a gonar Salvu Bugeja da ke wajen garin Mackay su buga kartar foka. Ba a sa ko sisi, ƙwandalolin roba ne da maki da ba'a. Carmena, mahaifiyar Odette, ita ta kafa gasar, ita ta rubuta dokokin da hannunta a allon da ke jikin bango. Da ta rasu Odette ta gaji rabon kati da tsara tebur, aka sa wa kofin ƙarshen shekara sunan marigayiyar.

Tun daga nan, ba tare da an yi taro ba, kowa ya san aikinsa. Ranar kofi Baba Salvu ne ke ci. A hankali ake zubar masa da kati, ana tsaki, ana dafe kai kamar da gaske, har tsohon ya rungumi kofin matarsa ya mai da shi kan kabad.

Yau ce ranar kofi. Yau ce kuma ranar da Rowan Petch, likitan shanu, zai nemi auren Odette. Baba kuwa sau biyu ana kawo masa zancen yana cewa, "A tebur nake sanin mutum."

"Idan ka raba shi da kofin Mama," in ji Odette, "wallahi ba zai ba ka ni ba. Ni kuma ba zan iya tafiya in bar shi da baƙin ciki ba. Ka ji?"

Rowan ya ɗauki pastizzi ɗaya ya ƙona bakinsa. "Na ji. Zan faɗi saboda ke, faɗuwar da ba a taɓa gani ba."

Kash! Da ma bai yi alkawari ba.

Don a ranar, sa'a ta manne wa bawan Allah kamar ƙaya a safa. Ya shiga da katin banza, ya ci. Ya yi burga don a kama shi, kowa ya tsorata ya gudu. Gwaggo Tessie, ƙanwar Baba, sai harararsa take ta saman tabarau.

"Kai ɗan nan, shanun ne suka yi maka addu'a?"

"Gwaggo, ni ma ban so ba..."

"Ba ka so me ba?" Baba ya ɗago.

"Ban so... shayin ya huce ba, Baba."

Kafin ƙarfe huɗu an kakkaɓe kowa. Saura mutum biyu, Baba da hularsa ta kaba, da Rowan da tulin ƙwandaloli a gabansa yana zufa. Odette na tsakiya tana rabo.

Ta ba kowa katinsa biyu a rufe. Rowan ya leƙa nasa, sai ta ga fuskarsa ta washe. Baba ya tura nasa ƙwandalolin duka tsakiya, Rowan ko numfashi bai ja ba ya ce, "Na bi!"



"Doka ta huɗu," in ji Baba, yana nuna allo da haɓa. "In an tura duka, a buɗe kati kowa ya gani."

Nan Rowan ya daskare. Ya manta! Duk masu faɗuwar shekara taran nan ba wanda ya taɓa yarda aka kai ga buɗe kati, shi ya sa asiri ya rufu. Ya danne katinsa da tafin hannu yana kallon Odette kamar ɗan maraƙin da aka ɗaure.

Gwaggo ta taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur, ta raɗa mata, "Saki kartar ta zube, a sake rabo!"

Odette ta dubi allon. Rubutun Mama ne, da wannan lanƙwasar tata a wutsiyar huɗu. Ta tsaya a kan ƙarya shekara tara don Baba, amma ba ta taɓa murɗe rabo da hannunta ba, kuma ta ji ba za ta iya ba ko don Rowan.

"Ɗaga hannunka, masoyina," ta ce a hankali. Ta buɗe katunansu su biyun.

Baba sarki biyu. Rowan bakwai da biyu, katin da ya fi kowane lalacewa a duk foka, wanda ko mahaukaci ba ya bin kowa da shi.

Ta jera katunan tsakiya, waɗanda kowa ke haɗawa da na hannunsa. Bakwai, huɗu, goma. Sannan tara.

"Kar ki zo, kar ki zo..." Rowan ke roƙon katin ƙarshe a fili.

Bakwai!

Haɗe da ta hannun Rowan, bakwai uku sun kayar da sarakuna. Gwaggo ta yi alamar gicciye. Idon Odette ya ciko, ta ce a ranta shi ke nan, ta rasa kofi ta rasa miji a zama ɗaya.

Baba ya jawo katin biyu da yatsa ya daɗe yana kallo.

"Yaro, da wannan tarkacen ka bi ni?"

"E, Baba."

"So ka yi ka faɗi?"

"E, Baba... na yi iya ƙoƙarina wallahi."

Kafaɗun tsohon suka fara girgiza. Odette ta zabura ta ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, irin wadda rabon da ta ji tun Mama na da rai. Ya yi ta buga tebur har hularsa ta faɗi.

"Ku dube shi! Shekara tara munafukan nan na zubar mini da kati, Tessie har da tsakin ƙarya, shi kuwa rana ɗaya ya kasa!"

"Ka sani?" Odette ta dafe ƙirji. "Baba, ka sani?!"

"Ni na koya wa rabinsu karta, 'yar nan! Na yi shiru ne don na ga kuna jin daɗin tausayina." Ya share ido da bayan hannu, muryarsa ta sauka. "Uwarki shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa bari na ci ba. Ko ranar haihuwata. Abin da na fi kewa ke nan, a lallasa ni a teburin nan a yi mini dariya."

Yanzu kam kuka Odette take sosai, ta zagaya ta rungume wuyansa.

Baba ya ɗauki kofin ya dangwara a gaban Rowan. "Mutumin da ko faɗuwar ƙarya bai iya ba, ba zai iya yi wa 'yata ƙarya ba. To, me ka zo tambaya? Yi sauri, shayi na hucewa."

Rowan ya miƙe har ya tuntsurar da kujera. "Baba, Odette nake so. Ina son ta fiye da..."

"Na ba ka. Amma da sharaɗi." Ya juya ga 'yarsa yana shafa kanta. "Kofin nan gidanki za shi, ki ajiye uwarki inda za ta riƙa ganinki kullum. Baɗi zan zo in ƙwace shi da ƙarfina, kuma duk wanda ya sake zubar mini da kati, ba shi ba pastizzi har abada."

Gwaggo Tessie ta gyara tabarau ta jawo kujerarta.

"Raba kati, amarya. Shekara tara nake jiran in ci mutuncin yayana."