Ƙafa Goma Sha Biyu na Bututu

Ana dab da magariba Alhaji Maikasuwa ya kira ni a waya.

"Ukasha, injin ruwan nan naka ya haukace. Ya tashi, ya mutu, ya tashi, tun la'asar. Je ka duba kafin ya ƙone."

Na ɗauki jakar kayan aiki na hau babur. Siton Alhaji yana gindin dutse a Kazaure, da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa inda yake ajiye iri. Da damina ruwa na tsattsafowa ya taru a wani rami a kusurwa, shi ya sa bara na dasa masa inji a ciki. In ramin ya cika, ƙwallon roba ya taso, inji ya tashi ya zuƙe. Amma yanzu bazara ce, rijiyoyin unguwa ma sun ja baya.

Ban so zuwa ba, kuma na san dalili. Bututun da ke fitar da ruwan kamata ya yi ya kai kwata. Ni kuwa, son banza, na yanke ƙafa goma sha biyu na kai wani aiki a Roni, na bar bakinsa yana zuba a gindin ɗakin Baba Shatu, tsohuwar da ke bayan sito. Sau uku tana tare ni da sandarta: "Ɗan nan, ruwanka na cin ɗakina." Sau uku ina cewa, "Gobe, Baba." Da damina ta yi nisa ɗakin ya rufta mata tana kan sallaya. Kowa ya ce ruwan sama ne. Na bi gawa, na yi gaisuwa, na ja bakina na tsuke. Bututun ma ban taɓa ba, don gyara shi tonon asiri ne.

Na sauka matakala da tocila. Injin ya yi gurnani, ya zuƙe ramin tas, ya mutu. Kafin in ƙirga ashirin ya sake tashi.

Na fara da ƙwallon, ko ya maƙale. Lafiyarsa ƙalau. Na kwance bawul ɗin da ke hana ruwa komowa, na busa, na mayar. Babu tsaga, babu datti. Na haska bango, a bushe yake ƙamas.

Sai wari ya buge ni. Warin jiƙaƙƙen ginin ƙasa.

Na zare wayar injin daga soket. Wurin ya yi tsit, har ina jin ladan daga nesa. Ruwa bai fasa zuwa ba. Ta cikin bututun yake gangarowa, ta baya, ta bawul ɗin da na gama dubawa yanzu. Ja ne, da guntayen ciyawar gini a ciki.

Wani abu ya faɗo ramin, ya taso yana juyi. Ƙwayar carbi ce.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Sanda a jikin bututu, daga waje.

Ruwa ya haura rami ya kama idon sawuna. Sanyinsa ya kai min har ƙashi. Na ɗaga ƙafa, ta ƙi. Na fara jan Ayatul Kursiyyu, ta ɓace min.

Muryar Baba Shatu ta fito a hankali, babu faɗa a cikinta.

"Ɗan nan, goben ta yi?"

Ruwa ya kai gwiwa. Tocila ta suɓuce ta nutse.

"Yau, Baba," na ce, ina kuka. "Wallahi yau."

Ƙafata ta saki. Da rarrafe na hau matakalar, na bar jaka da takalmi ɗaya.

Ban je gida ba. A ƙofar masallaci na tare Sama'ilu, ɗan Baba Shatu, na faɗa masa komai, na ce ya kai ni inda ya ga dama. Ya daɗe yana kallon jar lakar da ke jikin wandona.

A daren na shimfiɗa bututun har kwata. Injin bai ƙara tashi ba sai da ruwan farko ya sauka. Sama'ilu bai kai ni ko'ina ba, kuma da ma ya kai ni da ya fi min sauƙi a kan abin da ya faɗa a ƙofar masallacin.

"Ai na sani, Ukasha. Tun tana da rai na so in kai ka wajen mai unguwa, ta hana ni. Ta ce, 'Ƙyale shi, yaron kirki ne. Ya ce gobe.'"