Ruwan Masu Zaman Tsamiya

Ranar da Kalilu ya fara ganin Hajo, a amalanken jakinsa yake, ya ɗauko ruwa daga rijiyar da ta rage ba ta ƙafe ba a Gatawa. Damina biyu ke nan gero na bushewa a tsaye.

A gindin tsamiyar bakin hanyar Sabon Birni mata suke zama kullum, matan manoma da na Fulani a tabarma ɗaya, kowace da farin ƙyalle a cinya. Ba sa waƙa, ba sa ihu. Tun da aka fara ɗauke mutane a daji suke zaune, suna roƙon a daina. Mahaifiyar Kalilu, Inna Fatu, na cikinsu tun da aka harbe mijinta a gona. Kusa da ita Hajo ce, wata Bafillatana budurwa doguwa, leɓenta ya tsage don ƙishi.

Ya miƙa mata moɗa.

"Ban da kuɗin ruwa," ta ce.

"Wanga ba na sayarwa ba ne. Wa kike jira?"

"Yayana Yero. Da shi da shanun suka tafi."

Daga ranar kullum sai ya sauke jarka biyu a tsamiya. Da yake layin waya ya ɗauke, sai an hau tudu ake kama na Nijar. Nan saƙonsa ke samunta:

"Damanata, kowa na duban sama, ni ke nike dubawa. Ki ci abinci kafin ki fito."

Ta mayar masa: "Mai jaki, ka iya zance. Gobe kak ka makara, tsofaffi na jin ƙishi."

Sai sanarwa ta zo a rediyo cewa hukuma ta hana duk wani taro da zanga-zanga saboda tsaro, wanda aka kama gidan yari. Rabin matan suka daina fitowa. Waɗanda suka rage suka warwatsu, suna zama nesa da juna don kada a ce taro ne.

A makon ne Kalilu ya aika manyansa wajen Malam Usmanu, mahaifin Hajo. Tsohon bai ko taɓa goron ba.

"Ban san ko 'yan bindiga suka ɗauki ɗana ko 'yan sa-kan garinku ba. Ba ni ba ku ɗiyata."

Yana da wanda yake so ta aura: Sodangi, ɗan ƙanensa, dillalin shanu, wanda ya yi alkawarin ƙetarawa da ita Nijar, ta huta da zaman rana.

Wata Talata motar 'yan sanda ta tsaya a tsamiya. Aka naɗe tabarmi, aka kori kowa, aka ce an san masu shirya abin. Kalilu bai zo ba ranar. Da yamma Sodangi ya tare Hajo a bakin ruga.

"An ga amalankensa ƙofar ofishin 'yan sanda tun safe. Ke kaɗai ba ki gane wa ya kai ku ba."

Ta hau tudu, ta rubuta wa Kalilu: "In kai ne, Allah ya isa. Kak ka sake kirana." Ba amsa.

Washegari ta fito duk da haka. Mutum ɗaya ta tarar: Inna Fatu, da tulu a gabanta wanda ta ɗauko a ka.

"Inna, ina Kalilu?"

"Shina tsare, ɗiyata. Kan hanya suka tare shi da jarkunanmu. Sun ce ya faɗi sunan masu tara mata su sake shi, ya ce shi ruwa ya sani."

Hajo ta durƙushe tana kuka. Daga nan gida ta nufa, ta tsaya gaban mahaifinta.

"Baffa, ina cikin masu tara matan ga, da ya buɗe baki da yanzu ni ce a ɗaure. Za ni ofishin, ko da kai ko ba kai."

Malam Usmanu ya miƙe tsaye. Sannan ya ɗauki sandarsa.

A ofis ɗan sandan ya dube shi da mamaki. "Kai Bafillace, mi ya haɗa ka da Bagobirin ga?"

"Surukina ne. Ni ka tsaya mai."

Da aka fito da Kalilu idonsa ɗaya a kumbure yake. Hajo ta kasa haɗa ido da shi.

"Akwai saƙon da na tura maka. Don Allah kak ka karanta."

"Wayar ma sun fasa ta," ya ce, yana murmushi da gefen baki.

Sodangi ya kwashe shanunsa ya ƙetare Nijar shi kaɗai. Da aka zo maganar wurin ɗaurin aure, Malam Usmanu ya ce a gindin tsamiya za a yi, tunda doka ba ta hana aure ba. Ranar Juma'a Gatawa da rugage suka cika wurin, maza a gaba, mata a baya da fararen ƙyallensu. Motar 'yan sanda ta zo ta tsaya. Babu wanda ya tashi. Liman ya ɗaura auren, ya roƙa wa ango da amarya zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya roƙi ruwan sama, sannan ya shiga kiran sunayen waɗanda ke daji ɗaya bayan ɗaya. Da ya kai kan Yero, muryar Malam Usmanu ta karye a kan amin. Kalilu ya matso ya riƙe masa hannu har aka shafa.