Sa Hannun da Aka Sata

Ƙarfe sha ɗaya da kwata wata budurwa ta faɗo ofishin Insfekta, ko sallamar kirki ba ta yi ba. Farar rigar masu haɗa magani ce a jikinta. Ta ajiye takarda a tebur.

"Ranka ya daɗe, wai ni na rubuta wannan."

Insfekta ya karanta. Wasiƙa ce zuwa ga hukumar tallafin karatu, mai ita tana cewa ta fasa tafiya karatu ƙasar waje, a ba wani gurbinta.

"Ba ke ba ce?"

"Shekara uku ina bin gurbin nan. Yau ƙarfe huɗu za su aika sunaye ofishin jakadanci don biza. Sun ce in ban kawo rahoton 'yan sanda cewa ta jabu ce ba, wanda ke bayana zai haye."

Ya miƙa mata biro ya ce ta sa hannu a farar takarda. Ta sa, tsaf. Na wasiƙar kuwa a karkace yake, kamar tonon kaza.

"Ai ko kama ba su yi ba."

Ta ƙura wa wasiƙar ido. "Shi ma nawa ne. Ranar da na yi fasfo hannuna na dama yana ɗaure, na karye. Da hagu na sa. Sau ɗaya ke nan a rayuwata."

Insfekta ya ɗauki hularsa. "To, wanda ya yi wannan fasfonki ya buɗe. Sajan, tayar da mota."

Magatakardan hukumar mutum ne mai tumbi da yawan rantsuwa. Ya ce wasiƙar a akwatin bakin ƙofa aka tsince ta. Fasfunan ɗalibai kuwa suna cikin kabad na ƙarfe, makulli na aljihunsa.

"Wallahi tun da nata ya shiga, ko ƙuda bai sauka a kansa ba."

Insfekta ya sa aka fito da fasfon. Ya buɗe shafin sa hannu, ya shafa bayansa da yatsa. Rubutun ya yi tudu. Wani ya bi kansa da biro marar tawada, ya danna da ƙarfi.

"Ƙudan naka da nauyin hannu. Kawo rajistar shige da fice."

Magatakarda ya fara gumi. Rajista ta nuna fasfon ya fita Talata, ya dawo Laraba.

"Wa ya karɓa?"

"Yayanta ne, ranka ya daɗe. Ya ce asibiti na son kwafi don gwajin lafiya. Mutumin kirki ne, har maganin hawan jini ya kawo min."

"Ajiye shi kusa, za ka buƙace shi."

Suka koma mota. Agogo ya nuna uku da minti goma lokacin da suka tsaya gaban kantin maganin yayan.

Ya fito daga bayan kanta da fara'a. "Auta, lafiya kika kwaso min hukuma?"

"Ka karɓi fasfonta ranar Talata?" in ji Insfekta.

"Ni? Ban san ma launinsa ba."

"Sunanka na rajista."

"Au, wannan! Kwafi kawai na yi mata."

"Ta aike ka?"

Ya kalli ƙanwarsa. Ta girgiza kai.

"Ina kwafin?"

"Ya... ɓace."

Insfekta ya zagaya bayan kanta ya ja aljihun tebur. Almakashi, ledojin ƙwaya, da takardar kabon guda, shuɗiya. Ya ɗaga ta saitin hasken ƙofa. Karkataccen sa hannun nan ya fito sau bakwai, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya.

"Ka yi ƙoƙari. Na bakwai ya fi kyau."

Yayan ya zauna a kan kwalin ledojin ƙarin ruwa. Ya nuna bango, inda wata takarda mai hatimi ke rataye cikin gilashi.

"Lasisinta ne ke riƙe da kantin nan. Ni aji uku na tsaya, don ita ta yi karatu. Ranar da ta hau jirgi, masu duba kantuna za su garƙame min ƙofa. 'Ya'yana biyar, Insfekta. Na roƙe ta ta jira shekara ɗaya."

"Shekara ɗaya ka ce bara, Yaya. Haka ka ce bara waccan."

Insfekta ya duba agogo. Uku da rabi. Ya rubuta rahoton a tsaye a kan kanta, ya tura mata.

"In kin sa hannu, rahoto ya tafi, shi kuma kotu. In kin ƙi, ku sasanta a gida, gurbi ya tafi. Minti talatin gare ki, hanya kuma za ta ci ashirin."

"Auta," in ji yayan. "Ni na goya ki."

Ta kalle shi, ta ɗauki biro. Sannan ta sa hannu.

Sajan ya kama shi a damtse ya yi waje da shi. Ita kuwa ta jawo kujera ta taka, ta sauke lasisin daga bango, ta rungume shi a ƙirji.

"Ranka ya daɗe," ta ce, hawaye na zuba, "a ce wa direba ya yi sauri."