Shayin 'Yancin Babana

"Suna ɗaya, Gideon! Suna ɗaya kawai za ka faɗa a wuce wurin!"

Bai ko ɗago ba. Yana tsugune gindin keken dokinsa yana shafa wa ƙafar mai, kamar ba shi ne gari ya ɗauka da surutu ba.

"Keziah, zuciyata..."

"Kar ka zuciyata ni! Wa ya aike ka sayen shayin nan?"

"Na yi alkawari."

"Ni fa? Ni ba alkawari ka yi min ba?"

Ya ɗago ya kalle ni da idanun nan nasa masu sanyi, waɗanda a ranar da babu tashin hankali sukan sa in manta sunana. Ran nan haushi suka ƙara min.

Ga abin da ya faru. Gideon Rankin shi ke kai garin alkamar ƙauyenmu birnin Filadelfiya, ya dawo mana da gishiri da ƙarfe. Jiya yana sauke kaya, sai Dorcas Kerr, 'yar mai injin niƙa, ta zo taya shi, ita da ko tsinke ba ta taɓa ɗauke wa wani ba. Hannunta bai sauka ko'ina ba sai cikin buhun gishiri, ta zaro ƙullin ganyen shayi, ta ƙwalla ihun da aka ji har bakin rafi. Tun da aka karanta sanarwar aurenmu a coci take neman inda za ta soke mu, don ita ma Gideon take so, ga shi ta samu.

A shekarar 1775 kuwa, gara a kama ka da akuyar sata da a kama ka da shayi. Kowa ya yi rantsuwar barin kayan Ingila har sai Sarkin Ingila ya janye harajin da ya ɗora mana. Wanda ya karya, kwamitin gari zai yi shelar sunansa a matsayin maƙiyin ƙasa. Ba mai saye a wurinsa, ba mai sayar masa, ba mai ba shi 'ya.

Shugaban kwamitin kuma?

Babana.

An ba Gideon zuwa Asabar ya faɗi wanda ya aike shi. An karanta sanarwarmu Lahadi biyu, saura ta uku kafin a ɗaura aure. Rigata ta aure, wadda na kaɗa zarenta na saƙa da hannuna har yatsuna suka yi kanta, tana rataye a ɗaki.

"Wato ka zaɓi wani a kaina," na ce.

"Ban zaɓi kowa a kanki ba, masoyiya."

"To zauna da mutuncinka, ka aure shi!"

Na juya fuuu, na bar shi da man ƙafar keke.

Da na isa gida Baba ya riga ya hau kan labarin. Duk wanda ya taɓa zama a teburin Ephraim Galbraith ya haddace shi. Yadda ya sauka daga jirgin ruwan da ya kawo shi daga Ireland yana yaro, babu ko takalmi. Yadda ya yi shekara bakwai yana bauta wa wani attajiri don biyan kuɗin jirgi, yana kai masa shayi a faranti bai taɓa ɗanɗanawa ba. Yadda ranar da ya sami kansa, abin da ya fara saya a duniya shi ne ƙullin shayi. Yadda ya sare dajin nan da gatari ɗaya, ya bar yatsu biyu a yaƙin Faransawa.

"Ni da na fi kowa son shayi na bar shi saboda ƙasata," ya ce yana dukan tebur. "Sai wani ɗan bana, wanda ubansa jiya-jiya ya zo daga Ingila, shi zai shigo min da shi gari? Dama ban yarda da jinin nan ba!"

"Baba, ka san Gideon ko gahawa ba ya sha, balle shayi..."

"To ya faɗi mai sha! In ya ƙi, na rantse ba zai taka ƙofar nan ba."

Na kalli Inna ko za ta sa baki. Tana can tana ta goge tukunyar da ta riga ta goge.

Washegari da safe Inna ta kawo masa kofinsa. Shayin 'yanci muke ce masa, ganyen daji ne da ake tsinkowa a shanya a madadin shayin Ingila. Duk gari shansa ake ana yamutsa fuska, ban da Baba. Shi kullum sai ya lumshe ido ya ce na gidanmu ya fi na Sarki, har baƙi yake yi wa gori.

Ya kurɓa.

Ya furzar a murhu.

"Marjory! Wannan wane irin ruwan wanki ne?"

"Shi ne dai na kullum, Baban Keziah."

"Ƙarya! Keziah, ke kika tsinko ganyen? Tun da soyayya ta cinye miki kai ciyawar doki kike kwaso min?"

Na buɗe baki zan kare kaina, sai idona ya sauka a kan Inna. Ta dire butar ta fice, ba ta yarda mun haɗa ido ba.

Na bi ta ɗakin madara na rufo ƙofa.

"Inna..."

"Kar ki ce komai."

"Inna! Ke ce?"

Ta zauna a kan kujerar tatsa, ta rufe fuska da gefen zanenta.

"Ke ba ki ga Babanki ba lokacin da ya bar shayi. Kina gidan gwaggonki. Ciwon kan da ya samo a yaƙi ya taso, ya kwanta ko haske ba ya so. Sai na tuna da ɗan sauran shayi a ƙasan akwati, na barbaɗa a cikin ganyen. Ya tashi yana waƙa, Keziah. Da ya ƙare, wa zan roƙa in ba Gideon ba? Na sa shi ya rantse ba zai faɗa ba. Yanzu an ƙwace wanda ya kawo, yau ganyen zalla na dafa."

"To ki je ki faɗa masa mana!"

"In faɗa? Mutumin da ba abin da ya sauko da shi daga jirgi sai sunansa? Kashe shi kike so in yi?"

"Ni kuma a kashe min aure, ko?"

Ta fashe da kuka.

Wayyo ni! Uba mai taurin kai, uwa mai kuka, saurayi mai alkawari. Kowa a gidan nan yana kare mutuncin wani, ni kaɗai ce ba mai karewa. Tausayin Inna ya kama ni, amma wallahi haushinta ya fi yawa.

Kwana biyu Baba yana yawo da tsumma ɗaure a ka, yana zagin ganye, yana zagin ruwan rijiya, yana zagin Sarki. Dorcas har gida ta zo yi min jaje, da rigarta ta zuwa coci.

"Ayya 'yar'uwa, Allah ya sa kin gane halinsa da wuri. Ni dai tausayinsa nake ji, ko kowa ya guje shi ba zan guje shi ba."

"Na sani, Dorcas. Ke da buhunsa ma ba ki guje shi ba."

Ta fita tana murguɗa baki.

Ranar Asabar na riga Inna shiga kicin. Ƙullin da aka ƙwace yana kan kanta a ɗakin Baba, ana jiran a ƙone shi a gaban jama'a. Na ɗebi kaɗan, na haɗa da ganyen daji, na kai masa da hannuna.

Ya shinshina. Ya kurɓa. Ya lumshe ido, kafaɗunsa suka sauka.

"Yauwa! Kin ji shayin 'yanci! Marjory, zo ki koya wurin 'yarki. Ina kika samo ganyen?"

"A kan kantarka, Baba."

"Kantata?"

"Cikin ƙullin da za ku ƙone yau."

Kofin ya tsaya a iska.

Inna ta jingina da bango. Na zaci za ta sake kuka, sai na ji muryarta ta fito a tsaye.

"Ni na aike shi, Ephraim. Tun kaka kake shansa. Yaron nan bai ci ko kwabo a kai ba."

Baba ya kalli kofin, ya kalli Inna, ya kalle ni. Tunda nake ban taɓa ganin bakinsa a buɗe babu magana a ciki ba.

"Na yi wa Fasto gori da shi," ya ce a hankali. "Har na ba shi ya ɗanɗana..."

"Ya nemi ƙari ma," in ji Inna.

Ya tashi, ya ɗauki hularsa da ƙullin, ya fita. Bai ce mana mu biyo shi ba, muka bi shi.

Gaban coci ya cika. Wasu samari har sun ɗora kwalta a wuta, wani ya zo da buhun gashin kaji, don a shafe mai laifi da kwaltar a baɗe shi da gashin. Gideon yana tsaye shi kaɗai a tsakiya, hannuwa a baya. Da ya hango ni sai ya yi min murmushi. Murmushi! Na ji kamar in jefe shi da takalmi, na kuma ji kamar in ruga in rungume shi.

Baba ya hau matakala ya yi gyaran murya.

"Shekarar da na sauka daga jirgi..."

Wani dattijo a baya ya yi nishi. Na rufe ido, na ce shi ke nan, sai la'asar.

"...ban zo da komai ba sai suna. Kun sha ji, ba zan ƙara ba. Yaron nan ya yarda a zubar da nasa sunan don a rufa nawa. Shayin nan cikina aka sayo wa. Ni na sha, ni ne kuma na fi kowa baki."

Mutane suka kalli juna.

"Baba, ai ba ka sani ba..." Gideon ya fara.

"Rufe min baki! Harshena ya sani. Wata shida yana gaya min, na ƙi tambaya don kar a ba ni amsa."

Ya cire hularsa, ya riƙe a ƙirji kamar yadda ake sa masu laifi su yi, ya nemi gafarar gari. Ya ce su nemi wani shugaban. Sannan da hannun nan mai yatsu uku ya jefa ƙullin cikin wutar da aka hura don kwalta.

Ƙamshi ya tashi. Na rantse rabin matan wurin sai da suka ja dogon numfashi, uwar Dorcas ce a gaba. Wani ya tuntsire da dariya, wani ya kama, har masu kwalta suka sauke tukunyarsu a kunyace. Da na waiga neman Dorcas, sai bayan rigarta na hango.

Gideon ya matso kusa da ni.

"Har yanzu kina fushi, zuciyata?"

"Sosai ma."

"Zuwa yaushe?"

"Ka tambaye ni bayan an ɗaura."

Ranar Lahadi aka karanta sanarwa ta uku, ba wanda ya yi tari. Baba bai koma kujerar gaba ba, can baya ya zauna, kuma ya daina ba da labarin jirgi. Ban taɓa zaton zan yi kewar labarin nan ba, sai ga shi ina yi.

Safiyar aurena, ina cikin rigata mai kaushi, na kai masa kofinsa. Ganyen daji zalla, shi ya tsaya a kaina har na zuba. Ya kurɓa, fuskarsa ta tattare, idonsa ya kawo ruwa.

"Keziah... dama abin da mutane ke sha ke nan duk watannin nan?"

"Shi ne, Baba."

Ya leƙa cikin kofin. Sannan ya kafa kai ya shanye, ya miƙo min.

"Ƙaro."