Jan Zare a Garkar Baba

Ramata na jan ruwa a garkar babanta da ke bakin koramar Telwa ta fara ganinsa, durƙushe cikin shufler, farin kabejin nan, da kayen rubutu a hannu, yana ɗaura wa wasu gindi jan zare.

"Malam, lafiya?" ta ce, idonta a ƙasa.

"Lafiya lau, ƙanwata. Bilyaminu nake, aikin gona nake karanta." Ɗan zaren da ke hannunsa ya saki, ya ce, "Baba ne ya ba ni izni. Kin lura duk wanda ganyensa ya lulluɓe kansa ya fi fari da nauyi?"

Ta lura mana. Shekara huɗu ke nan ita ke hana Baba sayar da irin waɗannan, tana barinsu su yi fure ta tara irinsu a gwangwani. Shi ya sa shufler ɗinsu ke jure zafi, na maƙwabta na ƙonewa. Ta ci gaba da jan ruwanta.

Kullum sai ya zo. Awo kaɗan, hira da yawa, har ya raɗa mata suna Farin Fure. In ya yi murmushi sai gabanta ya faɗi, in ya tambayi iri sai ta tsuke fuska.

Mourtala dillalin kayan miya, wanda ya daɗe yana sonta, ya sami babanta, Malam Chaibou.

"Baba, iri yake so ya kai wa kamfani a Yamai. Ɗiyarka hanya ce kawai."

Ranar Baba ya tsittsinke zaren kaf. "Kada in ƙara ganin ƙafarsa a nan!"

Ramata ta kasa cin abinci. Mourtala maƙaryaci ne, ta sani, amma in wannan karon ya yi gaskiya fa? Kwana uku tana juya salula, sannan ta rubuta wa Bilyaminu:

"Ɓeraye sun cinye irin duka. Ba abin da ya saura."

Yini guda shiru. Ta ce a ranta shike nan, ta gane. Bayan la'asar saƙo ya shigo:

"Farin Fure, ina garin Aderbissinat wajen kawuna, ba rezon waya. Wayyo wahalarki ta shekara huɗu! Za mu sake daga farko tare. Ke dai ɓerayen sun bar min ke? Juma'a manyana na tafe."

Suka zo da goronsu. Baba ya kafe shi da ido.

"Yaro, ba mu da ƙwayar iri ko ɗaya."

"Na ji, Baba. Ramata na zo nema."

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Da 'yan rakiya suka watse, ta buɗe akwatinta ta miƙa masa gwangwanin, cike fal.

"Ka yafe min. Ƙarya na yi."

Ya yi ta dariya har da hawaye, ya mayar mata a tafin hannu.

"Ajiye abinki, uwargida. Sunanki za mu sa wa irin nan."

Allah ya albarkaci gidansu da garkarsu.