Tayin Mai Kira

A ƙarƙashin ruwan Bahar Maliya, na'urar da ake ce wa Mai Kira tana ta aikinta. Lasifikoki ne jere a kan mataccen murjani, suna sakin muryar gandun murjani mai rai: ƙas-ƙas ɗin jatanlande, gurnanin kifaye, kamar mai na tafasa a kasko. 'Ya'yan kifi da kunne suke neman gida. Inda suka ji hayaniya, can suke nufa.

Injiniya Nafi'u ne ya ƙera ta, bayan zafin teku ya mayar da gandun murjanin shaƙatawa na birnin Sabon Gaɓa farin ƙashi. Yau ya ɗauko matarsa Hansatu a kwalekwalen gilashi mai nutso, don ta ga abin da ya hana shi cin tuwonta da zafi.

Suka baro dogayen benayen birnin, suka nutse. Sai ga kifaye kamar an watsa bakan gizo a ruwa.

"Yallaɓai, ashe dai ba yawo kake zuwa ba," in ji ta, tana dariya, hancinta manne da gilashi.

"Kin ga sharrinki ko? Yanzu sai ki biya ni."

"Zan biya. Amma ka kai ni Gandun Uwa tukuna."

Gandun Uwa shi ne murjani na ƙarshe da ya rage da rai a duk gaɓar. A can ya fara ce mata yana sonta, a can kuma ya naɗo muryar da na'urarsa ke rerawa.

Da ya juya kwalekwalen, fitilarsa ta haska ƙasan teku. Dariyar Hansatu ta tsaya. Ƙananan kifaye ne matattu kwance a kan yashi, tuli-tuli, cikinsu a sama.

"Me suke ci a nan?" ta tambaya a hankali.

"Murjanin zai farfaɗo idan suka zauna. Lissafi ya nuna..."

"Kafin ya farfaɗo fa?"

Ya ƙara wa injin wuta.

A Gandun Uwa ya kunna na'urar saurare. Shiru. Ya murɗa ta har ƙarshe, ba komai sai hucin injinsu. Gansakuka ta lulluɓe murjanin kamar tsohon bargo, domin kifayen da ke kiwonta sun tsufa sun mutu, 'ya'yansu kuwa duk sun bi kiran da ya fi ƙarfi. Shi da hannunsa ya ƙara wa lasifikokin murya, ranar da hukumar birni ta ce masu yawon buɗe ido sun yi ƙaranci.

"Hansai," ya ce, "ni na kwashe mata 'ya'ya."

Hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba.

"Mu in mun yi wa baƙo tayi alhali tukunya ba komai, ya san ya ce ya ƙoshi. Su ba su san tayin kunya ba, Yallaɓai. Ka ce su zo, suka zo."

Ya daɗe yana kallon allon sarrafawa. Sannan ya sa yatsa ya kashe Mai Kira.

Suka zauna kafaɗa da kafaɗa suna saurare, ko wani abu guda zai yi motsi a cikin tekun nan da muryar kansa. Can a saman teku, jiragen ruwan baƙi na ta tasowa daga birni, cike da yara masu ɗokin ganin abin al'ajabi.