Ɓarawon da Ya Tada Janareto

Ranar Litinin da hantsi aka kawo wa Sufeto Kyari rahoton sata a Sabon Gari, kuma tun bai tashi daga kujera ba aka shaida masa cewa ɓarauniyar tana bayan kanta tun jiya. Irin aikin da ya fi tsana ke nan: a fara kama mutum, sannan a ce masa ya je ya nemo laifin.

Mai ƙarar shi ne Kenechukwu, shugaban kamfanin Tsalle, masu yin wasannin waya. Da wuya ka sami wayar matashi a Kano da babu wasansu na Ɗan Sahu, inda za ka tuƙa adaidaita ka ratsa cunkoson Bata ba tare da ka ture mai rake ba. Wadda aka tsare kuwa Gumsu ce, 'yar Fagge, tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin. Idan laifin ya zauna a kanta, gidan yari ne makomarta.

Ofishin yana saman wani bene. An fasa kwaɗon ƙofa, amma sababbin kwamfutoci suna nan a jere, ko ƙwarzane babu.

"Me aka ɗauka?" in ji Kyari.

"Tsohuwar kwamfutarmu, Yallaɓai. A cikinta na rubuta Ɗan Sahu na farko."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai. Jibi waɗanda za su sayi kamfanin za su zo su duba ta, su tabbatar da asalin wasan. Yarinyar nan baƙin ciki take min."

"Ina kake jiya?"

"Coci, tun safe har la'asar."

Kyari ya duƙa ƙarƙashin teburin da aka ɗauke kwamfutar. An zare wayoyinta ɗaya bayan ɗaya, an naɗe su tsaf, an ajiye a gefe. Ya daɗe yana kallonsu. Bai taɓa ganin ɓarawo mai ladabi haka ba.

Ya koma caji ofis ya sa aka fito da Gumsu. Ba yarinya ba ce kamar yadda aka ce, mace ce da ta haura talatin, idanunta sun kumbura don rashin barci.

"Malama, yaushe rabonki da ofishin nan?"

"Tun da aka kore ni ban sake taka layin ba."

"Ya aka yi kuka haɗu da shi?"

Ta yi wata dariya wadda gara kuka da ita.

"A rumfar caji, bakin kasuwar Sabon Gari. Lokacin soja ba su daɗe da komawa bariki ba, waya ta fara shiga hannun talaka. Kene yana tura wa mutane waƙoƙi, ni ina makarantar kwamfuta. Shi ke da baki, ni ke da hannu. Wasanmu na farko bai ma fita ba, aka kawo wuta da ƙarfi ta ƙone komai. Muka zauna a ƙasa muna kuka kamar an yi mana mutuwa. Ranar muka yi rantsuwa, shi da littafin addininsa ni da nawa, cewa ba za mu ƙara motsa kwamfuta ba sai mun kwafe abin da ke cikinta."

"Ɗan Sahu fa?"

"Ni na rubuta shi. Da sunana yake buɗewa. Na tafi Maiduguri jinyar babana, na dawo na tarar an cire sunan, an ba wani teburina."

Kyari bai ce ya yarda ba. Ya sha jin labarai masu ban tausayi daga bakin masu laifi, kuma ya lura ta sunkuyar da kai lokacin da ta amsa tambayar farko.

A ƙasan benen akwai gidan abincin Madam Philomena, matar da ko kaza ba ta wuce layin ba ta sani ba. Ta zuba masa farfesun da bai nema ba, ta zauna.

"Gumsu? Ta zo mana, ranar Juma'a. A nan bakin matakala suka yi ta da Oga Kene. Ta ce idan masu sayen sun zo za ta gaya musu su buɗe tsohuwar kwamfuta su ga wanda ya yi aikin."

Ran Kyari ya ɓaci. Ashe ƙarya ta yi masa, kuma ƙaryar za ta iya kai ta kurkuku.

"Jiya fa, Madam? Kin ga wani?"

"Ban ga kowa ba, ɗana. Na dawo daga cocin safe na shige ciki. Ko rediyo ban iya ji ba, janareton sama ya cika min kunne har azahar."

Kyari ya ajiye cokali.

"Janareto? Ranar Lahadi?"

"Ai tun Asabar ba wuta a layin nan."

Ya zagaya bayan benen. Janareton sabo ne, bara aka saya in ji Madam, bayan tafiyar Gumsu da daɗewa. Yana cikin kejin ƙarfe, kwaɗonsa lafiya lau. Makullin kuwa guda ɗaya ne, kuma kowa a layin ya san a aljihun wa yake kwana.

Da ya sake hawa sama tare da kofur ɗinsa, Kenechukwu ya tarbe shi da fara'a.

"Yallaɓai, ta amsa laifinta?"

"Na tsufa ina kama ɓarayi, Oga Kene. Na ga masu hawa katanga, na ga masu fasa rufi. Ban taɓa ganin wanda ya tada janareto don unguwa ta san ya zo ba."

Fara'ar ta gushe.

"Na san za a yi haka. 'Yar'uwarka ce, ku Barebari ba ku ƙin juna."

Maganar ta yi wa Kyari zafi, amma bai ɗaga murya ba.

"Ba wuta a layin. Wanda ya zo ɗaukar kwamfutar yana bukatar ta kunnu tukuna, har na tsawon rabin yini, saboda tsohuwa ce, ba ta sauri. Me zai yi da ita a kunne? Mutum biyu ne kawai a duniya ba sa iya motsa ta sai sun kwafe ta. Ɗaya ba ta da makullin janareto. Kofur, duba motarsa."

Ba a sha wahala ba. A aljihun gaban motar aka sami filas, ɗan abin nan da ake kwafe bayanan kwamfuta a ciki, naɗe cikin hankici. Kyari ya sa aka kawo Gumsu daga caji ofis, aka jona filas ɗin a gaban kowa. Ɗan Sahu na farko ya buɗe, da adaidaitarsa mai kama da akwatin ashana, a ƙasa kuma an rubuta wanda ya ƙirƙira: Gumsu.

Kenechukwu ya zauna a kan tebur.

"Na gaya wa masu sayen ni kaɗai ne. Na gaya wa 'yan jarida, na gaya wa 'ya'yana. Na faɗa har na manta ba haka ba ne."

"Ina kwamfutar?"

"Na kai wa 'yan jari bola. A gabana suka sa mata guduma." Ya share fuska. "Na zo ne in ɗauke ta kawai, Yallaɓai, minti biyar. Na sa hannu zan zare wayar, hannun ya ƙi. Na kasa."

"Amma ka iya kai ƙarar wadda ba ta ji ba ta gani ba."

Kofur ya sa masa ankwa.

Kyari ya dubi Gumsu yana zaton zai ga farin ciki. Bai gani ba. Ciniki ya rushe, kamfanin da ta gina ba zai kai baɗi ba, kuma mutanen Fagge sun riga sun ga an sa ta a motar 'yan sanda. Wannan babu kotun da za ta goge shi.

A bakin matakala Kenechukwu ya tsaya, bai iya haɗa ido da ita ba.

"Gumsu, ki yafe min."

"Kene, ka san abin da ya fi min ciwo? Ba kwanan bayan kanta ba ne. Ranar Juma'a ba faɗa ya kawo ni ba. Na zo ne in ji ka ce mu biyu muka yi, ko da ni kaɗai zan ji. Wallahi da ka faɗa, da na bar maka sunan da kamfanin duka."

Kofur ya ja shi suka sauka. Ita kuma ta nemi kujera ta zauna, ta rufe fuskarta da mayafi.